Suna Ɗaya, Cuta Goma: Sharhi Kan Maganin Gargajiya na Ciwon Mata

A gidanmu, duk yarinyar da ta fara ganin al'ada ta san ƙofar ɗakin Goggo. Ba ta da yawan tambaya. Da ta ga kin shigo dafe da mara, kin kasa miƙewa sosai, sai ta nuna miki tabarma, ta ɗora 'yar tukunya a murhu. Busasshiyar citta kamar gaɓar yatsa biyu, ta daddaka ta a turmin yaji, kanumfari bai wuce ƙwaya biyar ba, kimba sili ɗaya. Idan ya tafasa ta tace a kofin silba, ta ɗiga zuma in akwai. "Kurɓa da zafinsa, 'yar nan, kada ki bari ya huce." Sannan ta cika kwalba da ruwan ɗumi, ta naɗe ta a tsohon zani, ta ɗora miki a mara. Kafin la'asar kin tashi kina neman abinci.

Sau ɗaya na ga ta ƙi ɗora tukunyar. An kawo wata amarya daga maƙwabta, wata biyu ba ta ga jini ba, ga ciwo a gefe guda na mara kamar ana soka mata wuƙa, ga jiri, ga gumi mai sanyi. Uwar mijin ta ce, "Goggo, a taimaka da ɗan jiƙo, sanyi ne ya taso mata." Goggo ta buɗe idon yarinyar ta ga ya yi fari fat, ta taɓa cikin, yarinyar ta yi ƙara. Sai ta miƙe ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Ku nemo mota yanzu." A asibiti aka ce ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, a cikin bututun da ƙwai ke bi, kuma ya fashe. Aka yi mata aiki a daren, ta rayu.

Waɗannan ranaku biyu su ne ma'aunina duk lokacin da aka tayar da gardamar maganin gargajiya da na asibiti. Masu cewa saiwa da sassaƙe duk camfi ne ba su taɓa kwanciya a tabarmar Goggo ba. Masu cewa kowace cuta ta mace akwai ganyenta kuma ba su ga fuskar amaryar nan ba. Abin da ya sa maganin Goggo ya zama magani shi ne ta san abin da take yi wa magani, ta san gwargwado, ta kuma san inda hannunta ya tsaya. A ganina abubuwan nan uku ne suka fi ƙaranci a kasuwar maganin mata ta yau, kuma asarar ta fara ne daga kalma guda: sanyi.

A da, idan an ce ciwon sanyi, cuta ɗaya ake nufi, wadda ake ɗauka ta wurin kwanciya, mai sa fitsari da zafi da fitar mugunya. Yau kalmar ta zama buhu. Ƙaiƙayi sanyi ne. Farin ruwa sanyi ne. Ciwon mara, ciwon baya, rikicewar al'ada, jin zafi wajen kwanciyar aure, ɗaukewar sha'awa, ɓari, rashin haihuwa, duk a buhun nan ake zuba su. Mai lasifika a bakin tasha yana jero su a numfashi ɗaya, ya ɗaga kwalba ɗaya. Mace ta ji an ambaci biyu daga abin da ke damunta, ta ce lallai mutumin nan ya san ciwona.

To a zazzage buhun a ga abin da ke ciki. Akwai ƙaiƙayi mai zuwa da farin abu kamar dusar awara, wanda wani nau'in naman gwari ke kawowa, ya fi damun masu ciki da masu ciwon suga da waɗanda suka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai. Akwai ruwa mai ƙarni, wanda ke zuwa idan ƙwayoyin da ke tsaron gaban mace suka ragu, wasu suka mamaye gurbinsu. Akwai cututtukan da miji da mata ke ba juna, irin su gonoriya da kilamidiya, waɗanda sau da yawa ba sa nuna wata alama a jikin mace, suna hawa a hankali har su kai bututun ƙwai su toshe shi da tabo. Akwai ƙari a mahaifa, mai sa jinin al'ada ya yi ta zuba har mace ta ɗashe. Akwai ciwon da likitoci ke kira endometiriyosis, inda irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana samun kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa. Akwai tsargiya, wadda mukan ɗauka cutar yara maza ce masu fitsarin jini, alhali yarinyar da ta tashi tana wanki da wanka a kududdufi ko a magudanar noman rani, irin na Kura da Kadawa ko na Bakolori, ƙwan tsutsar kan maƙale mata a bakin mahaifa, ta girma da ciwon mara da ɗigon jini, a yi ta ɗura mata maganin sanyi, alhali maganinta ƙwayar farazikwantel ce da ake rabawa a makarantu. A ƙasan buhun kuma akwai sankarar bakin mahaifa, wadda a shekarar 2020 aka ƙiyasta ta kama mata kusan 12,000 a Najeriya, ta kashe kusan 8,000.

Akwai ma abin da ba cuta ba ne sam. Lafiyayyar mace tana da danshi, kuma yana sauyawa da kwanakin wata. A tsakiyar wata yakan zo garau mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, alamar lokacin ɗaukar ciki ke nan. Na san 'yan mata da yawa da suka kashe kuɗin makarantarsu wajen neman busar da wannan ruwa, don babu wanda ya taɓa zaunar da su ya ce musu, wannan lafiya ce. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai, domin jimla ɗaya daga bakin uwa ko yaya ta isa ta raba su da wannan fargaba.

Ba zai yiwu jiƙo ɗaya ya warkar da naman gwari da tsutsa da ƙari da sankara gaba ɗaya ba. Wannan ba raina gargajiya ba ne. Ko a asibiti babu ƙwaya ɗaya da ke yin haka.

Amma a ba gargajiya haƙƙinta, kuma haƙƙin yana da yawa. Ciwon marar al'ada na yau da kullum, wanda ke zuwa rana ta farko da ta biyu ya lafa, sanadinsa wani sinadari ne da jiki ke fitarwa don mahaifa ta murɗa ta fitar da jini. Idan ya yi yawa murɗawar ta tsananta, jini ya ragu a tsokar mahaifa, sai ciwo. Citta tana rage wannan sinadari, ta hanya mai kama da ta magungunan kemis. A shekarar 2009 an buga wani gwaji da aka yi a Iran da ɗalibai mata 150, aka ba wasu garin citta miligiram 250 sau huɗu a rana na kwana uku, wasu kuma aka ba su ibufurofen ko wani ɗan'uwansa, aka ga sauƙin da suka samu bai bambanta ba. Giram ɗaya ke nan a wuni, wajen rabin ƙaramin cokali. Gwaje-gwajen irin wannan ƙanana ne, masana suna cewa a ƙara bincike, amma alƙiblarsu ɗaya. An yi makamancinsu a kan hulba da kirfa. Kwalbar ruwan ɗumin Goggo ma an gwada irinta, aka ga ɗumi a mara yana sassauta ciwon kusan yadda ƙwaya ke yi. Magani a gonar yaro, kuma babu abin da zai hana mace mai irin wannan ciwo ta riƙe shi.

Ba yau aka fara lura da zurfin sanin Bahaushe game da tsirrai ba. Likitan nan J. M. Dalziel ya tattara sunayen itatuwa da ganyaye na Hausa ya buga tun 1916. Daga shekarun 1970 Nina Etkin da Paul Ross sun zauna a wani ƙauye na ƙasar Kano, suka nuna cewa da yawa daga abin da mutane ke sha a matsayin magani shi ne kuma abin da suke ci a miya da kunu. Wannan lura tana da amfani ga mai son ya tantance. Abin da ya saba shiga tukunyar miya, citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, zogale, tsamiya, an ɗauki ɗaruruwan shekaru ana gwada shi a cikin mutane, an san iyakarsa. Haɗarinsa kaɗan ne muddin an tsaya a gwargwadon girki. Goron Tula, da ake kawowa daga Tula ta ƙasar Kaltungo a jihar Gombe, ɗan itace ne mai zaƙi da yauƙi, a ci shi lafiya lau. Abin da babu hujjarsa shi ne cewa yana buɗe toshewar mahaifa ko yana kawo haihuwa.

Inda na fi jin tsoro shi ne abin da ake cusawa. Gaban mace ba fanko ba ne da ke jiran a wanke shi. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a wurin, suna fitar da ɗan tsami, kuma tsamin nan shi ne katangar da ke hana miyagun ƙwayoyi zama. Kanwa kishiyar tsami ce, duk mai dafa wake ko zoɓo ta san haka. Mace ta yi tsarki da ruwan kanwa ko ta cusa haɗin da aka sa ta a ciki, ta rushe katangar da hannunta. Bayan kwana kaɗan ƙarni ya dawo fiye da da, sai ta ce sanyin ya yi ƙarfi, ta ƙara wani haɗin. Haka za a yi ta zagaye, mai sayarwa yana samun ciniki.

Bagaruwa ma sai an yi mata adalci ta fuska biyu. Abin da ke cikin kwanson nan mai ɗaure baki shi ne abin da majema ke jeme fata da shi, yana tsuke nama ya busar da shi. Shi ya sa mai jego da ta samu ƙari wajen haihuwa, idan ta zauna a ruwan bagaruwa mai ɗumi, tsaftatacce, wanda aka tace, takan ji daɗi, kuma tsofaffi ba su yi kuskure ba da suka lura da haka. Amma a daka ta a kwaɓa da alif ɗin da ake tace ruwa da shi a cusa da sunan matsi, wannan jima ce ake yi wa naman da Allah ya halitta da laushi da danshi. Abin da ake ji kamar tsukewa bushewa ce da kumburi. Busasshen nama kuwa saurin tsagewa gare shi, kuma ta tsagar nan cuta ke shiga. Likitocin mata a Najeriya sun sha ba da rahoton matan da aka ba su haɗin cusawa mai ƙuna don ya narkar da ƙari ko ya kawo haihuwa, wurin ya ƙone, ya warke da tabo, ya manne har jinin al'ada ya rasa hanya. Gyaran wannan aiki ne mai wuya, ba kuma kullum ake dacewa ba.

Yankan gishiri ba ganye ba ne, amma daga buhu ɗaya ya fito: a ce yarinya tana da gishiri don tana jin zafin kwanciya ko naƙuda ta yi tsawo, a sa aska. Duk wanda ya taɓa shiga asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana ɗinke mata masu yoyon fitsari, ko cibiyar Danja a jihar Maraɗi, ya san doguwar naƙuda ce babbar mai jawo wannan lalura, ya kuma san aska tana da nata kason.

Batun jego ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma ina so in daɗe a kansa kaɗan, don a nan ne aka fi yi wa juna rashin fahimta. Kwana arba'in na wankan jego, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ko tsamiya safe da yamma, da kunun kanwa, da gasasshen nama mai yaji, ba wanka kawai ba ne. Hutu ne da al'ada ta ƙwato wa mace. An ɗauke mata daka da surfe da ɗebo ruwa, an kawo tsohuwa ta zauna da ita, an ciyar da ita abin da ba ta samu a sauran kwanakin shekara. Wanda ya ce a soke jego gaba ɗaya bai san abin da zai ƙwace wa matar karkara ba. Sai dai a shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan masu jegon da ke zuwa da kumburi da haki, zuciyarsu ta gaza, suka danganta abin da gishirin da ke cikin kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. An daɗe a kan wannan bayani. Daga baya wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta, aka buga a 2020, bai ga wannan alaƙa da ƙarfin da aka zata ba, ya fi nuna hawan jinin ciki da rama da talauci. Ilimi ke nan, yana gyara kansa. Abin da bai sauya ba shi ne kanwa gishiri ce, kuma macen da ta yi hawan jini da ciki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko take haki idan ta kwanta, ba ta da abin da za ta yi da kwanon kunun kanwa sai awo. Ruwan da ke saɓule fata kuma bai fi mai ɗumi tsarkakewa ba.

Mai ciki ita ce ta fi kowa bukatar taka-tsantsan, kuma ita aka fi cika wa ciki da jiƙe-jiƙe, wannan na zaƙi, wancan na saurin naƙuda. Akwai tsirran da ke sa mahaifa ta murɗa da gaske. Idan ƙugu ya yi wa ɗa kaɗan ko ɗan ya kwanta a gicciye, ƙarin murɗawa ba ya fito da shi, mahaifar ce ke fashewa.

Sai kasuwa. Goggo ta san uwarki, ta san cikinki na nawa, kuma in maganinta ya cutar da ke gobe za ta haɗa ido da ke a gidan suna. Mai tallar kayan mata a Facebook ko TikTok, da robobi marasa suna da ake ce wa 'yan Sakkwato ko 'yan Nijar, ba ta san ki ba, ba ta faɗa miki abin da ke ciki, sirrin sana'a ne, kuma in abu ya ɓaci ta toshe lambarki. Ko kwalbar da ke ɗauke da lambar NAFDAC, ya kamata a san ma'anar lambar. Hukumar, wadda aka kafa a 1993, tana ba yawancin magungunan gargajiya lambar da ke ƙarewa da harafin L, abin da ke nufin an duba ba a ga guba a ciki ba. Ba shaida ce ta cewa yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa ba, kuma takardar kwalbar kanta takan faɗi haka da ƙananan haruffan Turanci.

Ban yarda a ɗora wa mata laifin duka ba. A tambayi abin da ke kai su can. Mace ta yi sammako, ta biya kuɗin mota da na kati, ta wuni a layi, ta shiga ta tarar da namiji, ga wasu mutum uku a ɗakin, a ce ta faɗi abin da ko uwarta ba ta iya faɗa wa ba. Na taɓa raka wata ƙanwata wani asibiti, ma'aikaciyar ta ɗaga murya a gaban jama'a ta ce, "Ke ba kya wanka ne?" Ba ta sake komawa ba, ta koma wurin mai magani, wadda ta tarbe ta da "sannu ƙanwata, zauna ki gaya mini." Kunya ba wauta ba ce, tarbiyya ce, kuma asibitin da bai tanadi labule da mace mai sauraro da tattausan harshe ba, shi ya tura ta kasuwa. Kemis ma ba shi da bakin zagin mai ganye, tun da shi ma haɗin kafso yake ƙullawa a leda ba tare da gwaji ba, da sunan wannan sanyin dai.

Ga kuma maigida, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba. Idan cutar ta kwanciya ce, a yi wa mace magani sau goma, matuƙar ba a yi wa mijin ba, da abokan zamanta in akwai, za ta dawo. Matar ce ke shan ɗaci, ita ke shan gorin rashin haihuwa, shi kuwa ko fitsarinsa ba a taɓa aunawa ba. Maza masu karanta wannan, ku raka su, ku miƙa hannu a ɗebi naku jinin.

Ga iyakar da nake ganin Goggo za ta ja da tana raye. Ciwon mara da zazzaɓi. Ciwo mai tsanani bayan ɓatan wata. Jini bayan kwanciyar aure, ko bayan al'ada ta ɗauke ta tsufa. Jinin da ke zuba guda-guda har mace ta ga jiri. Ruwa mai wari ko mai launi. Ciwon al'adar da ke ƙaruwa shekara bayan shekara har ya hana makaranta ko aiki. Shekara guda da aure ana tare babu ciki. Waɗannan a fara sanin sunansu na gaskiya, da gwaji da hoton ciki, kafin a sha komai. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma akwai rigakafin sankarar bakin mahaifa da Najeriya ta fara bayarwa kyauta a watan Oktoban 2023.

Masu maganin gargajiya na gaskiya ba su da abin tsoro a gwaji. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya na masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta auna shi, ta gwada, ya zama maganin Niprisan na masu sikila. Irin wannan aiki nake fata jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai su yi wa sabara da marke da kalgo da hano, waɗanda ungozomomi suka daɗe suna ba mata: wane ɓangare, nawa, na kwana nawa, wace mace ce ba za ta sha ba. Lokacin yana ƙurewa. Bara na tambayi mahaifiyata wani sassaƙe ja da Goggo ke ƙarawa a jiƙon masu jego idan ciwon bayan haihuwa ya matsa musu. Ta yi shiru tana tunani, ta ce tana ganin kamanninsa a idonta, tana ma jin ƙanshinsa, amma sunan ya ɓace mata, kuma duk waɗanda za a tambaya a unguwar sun riga mu gidan gaskiya.